Yadda ake fito da layukan furotin da ruwan ECL a gwajin westan bulot

Westan bulot gwaji ne na gano wani furotin a cikin samfuri, ECL kuma ruwa ne da ke sa layin furotin ɗin ya fitar da haske. Wannan bayani zai fara ne daga inda aka gama raba furotin a jel, aka kuma kwashe shi zuwa kan membiren, wato siririyar takardar da ke riƙe furotin. Daga nan har zuwa lokacin da layuka za su bayyana a kan fim ko a allon kwamfuta, akwai matakai goma, kuma yawancin ɓarnar da ake ɗora wa ruwan ECL tun kafin a buɗe kwalbarsa ake yin ta.

Abin da ke faruwa a kan membiren ba shi da wuyar fahimta. Antibodi na farko yana kama furotin ɗin da kake nema, na biyu ya kama na farkon, a jikin na biyun kuma an liƙa wani enzayim mai suna HRP. Ruwan ECL yana zuwa a kwalba biyu: ɗaya tana ɗauke da luminol da sinadarin ƙara ƙarfin haske, ɗayar tana ɗauke da feroksaid. Idan suka haɗu da HRP, luminol yana ƙonewa ya fitar da shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 425. Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe shi ne, enzayim ɗin cin ruwan yake yi a daidai inda yake zaune, kuma shi kansa yana lalacewa idan aikin ya yi masa yawa. Saboda haka HRP da ya yi yawa ba haske mai kyau yake bayarwa ba, wutar kara yake yi: ta tashi da ƙarfi, kafin ka kai ga na'ura ta mutu.

Kayan aiki

Membiren da furotin ya riga ya hau, ko PVDF ko naituroselulos.

Ruwan wanki na TBST. Ana haɗa TBS mai ƙarfi ninki goma da giram 24.2 na Tris da giram 80 na sodiyam kulorayid a lita ɗaya, a daidaita pH zuwa 7.6 da HCl. A ranar aiki a ɗebi 100 mL, a cika shi zuwa lita ɗaya da tataccen ruwa, a ƙara 1 mL na Tween 20. Ka ware kamar 50 mL na TBS da ba a sa wa Tween ba.

Garin madara marar kitse ko BSA (wani furotin na jinin saniya), antibodi na farko, da na biyu mai HRP.

Ruwan ECL. Akwai masu sauƙin ƙarfi kamar Pierce ECL, akwai matsakaita kamar Clarity da SuperSignal West Pico PLUS da Amersham ECL Prime, akwai masu tsananin ƙarfi kamar SuperSignal West Femto. Ga mai koyo, matsakaici ya fi.

Hantsaki mai faɗin baki, safar hannu marar hoda, fifet da sababbin bakuna, ƙananan akwatunan roba masu murfi, bututun 15 mL, takardar tishu marar gashi, ledar saka takardu mai garai-garai ko ledar nannaɗe abinci, fensir, agogo, da na'urar jijjiga.

Na'urar ɗaukar hoto mai kyamara, irin su ChemiDoc ko iBright. Idan babu, fim ɗin ekisire mai jin shuɗin haske, kaset, ruwan dibelofa da fiksa na wanke fim, tire uku, da ɗaki mai duhu da jar fitila.

1. Tabbatar furotin ya hau membiren

Kada ka ɓata antibodi a kan membiren da ba ka duba ba. Tsoma shi cikin ruwan Ponceau S, jan rini mai nuna furotin, wato 0.1% a cikin 5% na asetik asid, na minti biyu zuwa biyar, ka ɗauraye da tataccen ruwa har jajayen layuka su fito. A nan za ka ga ko kowane gurbi, wato hanyar da samfuri ɗaya ya bi a jel, ya sami furotin daidai da ɗan'uwansa, ka kuma ga fararen da'irori inda kumfar iska ta tare hanya. Ɗauki hotonsa, zai yi amfani daga baya. Ka datse kusurwa ɗaya don ka riƙa gane sama da ƙasa, ka sa alama da fensir a fuskar da furotin yake. Biro ba ya yi, tawadarsa tana narkewa. Sai ka wanke jan da TBST.

PVDF idan ya bushe ba ya shan ruwa. In ka ga ya yi fari fat a wasu wurare, mayar da shi cikin metanol na daƙiƙa 15 zuwa 30, ka ɗauraye, sannan ka ci gaba. Naituroselulos kuwa kada ka tsoma shi a tsantsar metanol, lalacewa yake yi.

2. Toshe filin membiren

Narka giram 2.5 na madara marar kitse cikin 50 mL na TBST, ya zama 5%. A bar shi yana juyawa har ya narke sarai, in da hali a tace. Ƙwayar madarar da ba ta narke ba ita ce ke zama baƙin ɗigo a hoto. Rufe membiren da wannan ruwa na awa ɗaya a kan na'urar jijjiga, don ya toshe wuraren da babu furotin, kada antibodi ya manne a can.

Madarar gari ta shayi da ake sayarwa a kasuwa mai cikakken kitse ce, wata ma an haɗa ta da man itatuwa da sukari, ba ta dace ba. Idan ba a sami ta ɗakin gwaji ba, a nemi wadda aka rubuta ƙarara cewa an cire mata kitse, a kuma gwada ta a kan guntun membiren tukuna.

Akwai wurare uku da madara ba ta yi. Idan furotin mai fosfet kake nema, kasin ɗin madara shi ma yana da fosfet, don haka a yi amfani da BSA 3% zuwa 5% a cikin TBST, kuma a guji PBS, wato ruwan gishiri mai fosfet. Idan tsarinka yana aiki da bayotin da istireftabidin, madara tana ɗauke da bayotin. Na uku, wanda aka fi mantawa: idan antibodinka na farko daga akuya ko tunkiya aka samo shi, na biyun da zai kama shi yakan kama antibodin saniya da ke cikin madara, fili ya yi duhu gaba ɗaya.

3. Antibodi na farko

A nan ake yanke hukuncin yadda hoton zai kasance. Adadin da za ka tsarma ya danganta da ƙarfin ECL ɗin da ke hannunka, ba da takardar antibodin kaɗai ba. Ga antibodi mai ƙarfin 1 mg/mL, matsakaicin ECL yana son tsakanin 1:1,000 da 1:5,000. Mai tsananin ƙarfi irin Femto yana son daga 1:5,000 zuwa sama. Membiren ƙarami yana shan 5 zuwa 10 mL, wato 5 µL a cikin 10 mL zai ba ka 1:2,000.

An fi barin sa ya kwana a 4 °C yana jijjiga a hankali. Inda wuta ba ta da tabbas, ana iya yin awa ɗaya zuwa biyu a zafin ɗaki. Sai dai zafin ɗakin da takardun kamfani ke nufi 20 zuwa 25 °C ne, ba ɗakin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba. A irin wannan zafi madara takan fara tsami, antibodi kuma ya riƙa kama abin da ba nasa ba. In babu na'urar sanyaya ɗaki, rufe akwatin da kyau, ka sa shi a cikin kula mai ƙanƙara, ka ɗora kular a kan na'urar jijjiga.

Ana iya ajiye antibodin da aka tsarma a sake amfani da shi sau biyu ko uku, kuma mutane sukan zuba masa sodiyam azayid 0.02% don kada ya ruɓe. Babu laifi, amma ka rubuta a jikin bututun, domin azayid gubar HRP ce, kuma mataki na gaba ne kaɗai zai raba su.

4. Wanki na farko

Sau uku, minti goma-goma, da TBST mai yawa, aƙalla 20 mL ga ƙaramin membiren. Ya riƙa yawo a cikin ruwan, ba ya manne a gindin akwati ba. Ka zubar da ruwan tas a kowane zagaye. Idan akwai azayid a antibodi na farko, ƙara zagaye ɗaya.

5. Antibodi na biyu

Duba abu biyu a jikin kwalbar kafin ka ɗiba. Na ɗaya, dabbar: in na farko daga zomo yake, na biyu ya zama mai kama na zomo, in daga ɓera, mai kama na ɓera. Na biyu, enzayim ɗin: ya zama HRP. Wanda aka liƙa wa AP, wani enzayim dabam, ba zai ba da haske da luminol ba ko ka kwana kana jira.

Ga kwalba mai 1 mg/mL, ga inda ake farawa: Pierce ECL, 1:1,000 zuwa 1:15,000, West Pico, 1:20,000 zuwa 1:100,000, West Femto, 1:100,000 zuwa 1:500,000. Ka lura da tazarar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya saba da 1:5,000 a ruwa mai sauƙi, layi ya ƙi fitowa, ya aro Femto ya zuba a kan wannan membiren ɗin. Abin da zai samu baƙin fili ne da fararen layuka.

Ba a auna 0.1 µL da fifet. Don samun 1:100,000, zuba 1 µL a cikin 1 mL, ka gauraya, sannan ka ɗebi 100 µL daga ciki ka zuba a 9.9 mL. Idan kwalbar ta daɗe a firji, juya ta a santirifuj na minti biyar ka ɗiba daga sama, saboda dunƙulallen antibodi yana kwantawa a ƙasa. Awa ɗaya a zafin ɗaki ta isa. Ba a sa azayid a wannan ruwa ko kaɗan, kuma ba a ajiye shi don gobe.

6. Wanki na ƙarshe

Canza akwati, domin antibodi yana maƙalewa a bangon tsohon. Wanke sau huɗu zuwa shida, minti biyar-biyar. Iya ƙarfin ECL ɗinka, iya yawan wankin da yake buƙata. Ka ƙare da ɗauraya ɗaya a TBS marar Tween, ka bar membiren a ciki har sai komai ya kammala a mataki na gaba. Zai iya jira rabin awa a nan ba tare da wata illa ba.

7. Shirya wurin ɗauka kafin ka taɓa ECL

Da zarar ruwan ya hau membiren, agogo ya fara tafiya, don haka duk wani shiri a gama shi yanzu. Fito da kwalaben daga firji, in a can ake ajiye su, su huce kamar minti 20. Ruwa mai sanyi yana rage saurin enzayim. Wasu nau'o'in a kan kanta ake ajiye su, ka bi abin da aka rubuta a kwalin. Kunna na'urar kyamara da wuri, domin tana buƙatar mintuna ta sanyaya kanta. Goge tirenta. Tabbatar tana kan batirin ajiya ko inbata, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗauka tana nufin asarar mintunan da hasken ya fi ƙarfi.

Mai amfani da fim ya jera tirensa: dibelofa, ruwa, fiksa. Ya yanka leda, ya buɗe kaset, ya kashe fitila ya tsaya minti biyu ya duba ko haske na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Waya a bar ta a waje, ko a kife ta a aljihu.

8. Haɗa ruwan da jiƙa membiren

Ƙa'idar ita ce 0.1 mL ga kowace murabba'in santimita. Membiren mai santimita 7 da 8.5 kusan murabba'i 60 ne, zai sha 6 mL: 3 mL daga kowace kwalba. A haɗa ɗaya bisa ɗaya a bututu mai tsabta, a juya shi a hankali, a naɗe da takardar alminiyam.

Kowace kwalba da bakin fifet ɗinta. Ɗigo ɗaya na feroksaid a cikin kwalbar luminol ya isa ya fara kashe ta, kuma ba za ka gane ba sai bayan makonni. Murafen ma kada a musanya su.

Ɗago membiren da hantsaki ta kusurwa, ka dangwala gefensa a tishu ruwa ya tsiyaye. Kada ka goge fuskarsa, kada kuma ka bari ya bushe. A lokacin hunturu iska tana busar da membiren cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma duk inda ya bushe duhu yake yi. Shimfiɗa shi a kan leda mai tsabta, fuskar furotin tana sama, ka zuba ruwan ya rufe ko'ina har gefuna. Pierce ECL minti ɗaya yake so. Clarity, ECL Prime da dangin SuperSignal minti biyar. Ka sa agogo.

Idan ruwan ya yi ƙaranci, akwai dabara: ɗiga 1 zuwa 2 mL a kan leda ko Parafilm, ka kifa membiren a kai, fuskar furotin tana ƙasa, kana saukar da shi daga gefe ɗaya don kada kumfa ta shiga. Wannan yana rage kashe kuɗi sosai, amma benci ya zama a miƙe, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi samun ruwa.

Lokaci na cika, ɗago shi, ka sake tsiyaye shi a tishu. Ba a ɗauraye shi. Sa shi tsakanin leda biyu, ka bi da yatsa ko gefen fifet a hankali ka kore kumfa da rarar ruwa. Rarar ruwa tana sa gefen layuka ya yi dishi-dishi, kuma in ta tsiyayo ta jiƙa fim, hoton ya tafi.

9. Ɗaukar hasken

Da kyamara: fara da ɗaukar hoton membiren a farin haske, domin tsanin nauyi mai launi, wato jerin layukan da ake gane nauyin furotin da su, ba ya fitowa a hoton ECL, daga baya za a ɗora hotunan biyu a kan juna. Kada ka motsa membiren tsakanin ɗaukar biyu. Bari na'ura ta zaɓi lokaci da kanta sau ɗaya don ka sami ma'auni, sannan ka ɗauki jeri da hannunka, misali daƙiƙa 5, 15, 30, 60 da 120. Na'urar takan duba layin da ya fi ƙarfi ne, wanda ba lallai shi kake nema ba. In akwai wani ƙaton layi a gefe, rufe shi da baƙar takarda. Kunna alamar da ke nuna fiksel da suka cika, wadda yawanci ja ce. Layin da ya yi ja ba ya aunuwa, domin a hoto mai bit 16 ƙidaya tana tsayawa a 65,535, ko hasken ya ninka haka sau uku. Ajiye asalin fayil ɗin da kuma TIFF. JPEG da hoton allo na waya ba su da amfani wajen awo.

Da fim: manna ledar a cikin kaset da salatif don kada ta zame. A ƙarƙashin jar fitila, lanƙwasa kusurwa ɗaya ta fim, ka ɗora shi sau ɗaya, ka rufe. In ya zame bayan ya sauka, layuka za su fito biyu-biyu. Fara da minti ɗaya. Ka wanke shi: dibelofa minti ɗaya zuwa biyu kana kaɗa tire, ruwa daƙiƙa 30, fiksa minti biyu zuwa biyar har fim ya yi garau, sannan ruwa mai gudu, a rataye. In ya yi baƙi da yawa, koma daƙiƙa 10. In da ƙyar ake gani, minti biyar, sannan goma sha biyar. Akwai masu ɗora fim biyu a lokaci guda, na saman ya ba da hoto mai sauƙi. Bayan ya bushe, mayar da shi kan membiren daidai inda ya kwanta, ka zana wuraren tsanin nauyi da alƙalami.

Wasu baƙaƙen zane masu rassa kamar walƙiya sukan fito a fim a lokacin sanyi. Ba daga membiren suke ba, lantarkin da ke taruwa a jikin leda ne idan iska ta bushe. Goge bayan ledar da tishu mai ɗan danshi kafin ɗora fim, kuma a ɗaga fim a hankali.

Hasken ruwa mai sauƙi yana raguwa sosai cikin awa ɗaya ko biyu, na matsakaici da mai ƙarfi yakan kai awoyi. Duk da haka minti 5 zuwa 20 na farko su ne mafi kyau. Barin fim ya kwana a kaset ba kasafai yake ƙara komai ba sai duhun fili.

10. Karanta abin da ya fito

Duba nauyi tukuna. Da kDa ake auna nauyin furotin. A cikin furotin ɗin da ake duba daidaiton lodi da su, GAPDH yana wajen kDa 37, beta-aktin 42, tubulin wajen 50 zuwa 55. Idan samfurin daga kamun furotin da antibodi ya fito, layuka a 50 da 25 sassan antibodin ne, ba furotin ɗinka ba. Gurbin samfurin shaida, wanda ka san furotin ɗin yana ciki, shi ke raba gardama idan sauran gurabe suka fito wayam.

Mai son auna ƙarfin layi da ImageJ ko manhajar na'ura ya fara gwada jerin 5, 10, 20 da 40 µg na samfuri ɗaya. In ninka furotin bai ninka haske ba, an wuce iyakar awo. Aktin da GAPDH suna da yawa a cikin ƙwayar halitta, sukan ƙoshi da wuri, sai duk gurabe su yi kama da juna alhali ba daidai suke ba. Shi ya sa hoton Ponceau na mataki na farko yakan fi su gaskiya. Fim kuma tazarar da yake iya bambancewa ba ta wuce kusan ninki goma ba, kyamara tana kai dubbai. Da fim a tsaya a cewa akwai ko babu, ya ƙaru ko ya ragu.

Idan abin bai yi ba

Babu komai, ko ɗigo. Kafin ka zargi samfuri, yi gwajin minti ɗaya: zuba 1 µL na antibodi na biyu a cikin 1 mL na haɗaɗɗen ECL, ka shiga duhu. Shuɗin haske a bututu yana nufin ruwan da enzayim suna da rai, matsalar tana baya: dabbar da ba daidai ba, azayid, ko furotin bai hau ba. In babu haske, sake gwadawa da wata kwalbar antibodi don ka gane wanne ya mutu. Ka kuma duba ko fuskar furotin ce ke kallon kyamara.

Fararen layuka a cikin duhu, ko layi mai rami a tsakiya. HRP ya yi yawa, ya cinye ruwan. Wani lokaci har za ka ga layin ya yi ruwan ƙasa a kan membiren da idonka, ko yana walƙiya a duhu. Ƙara ECL ba magani ba ne. Rage antibodi na biyu ninki biyar zuwa goma, ka rage furotin ɗin da kake lodawa.

Fili duka ya yi duhu. Mafi yawan lokuta dalilin ɗaya ne da na sama. Bayan shi sai ƙarancin wanki, tsohon TBST da ya fara yauƙi, ko madarar jiya. Don gano mai laifi, yanki siririn membiren ka tsallake antibodi na farko. In duhun ya dawo, na biyu ne.

Ɗige-ɗige kamar an watsa barkono: madara ba ta narke ba, dunƙulen antibodi, ƙura, ko hodar safar hannu. Gajimare a gefe ɗaya: ruwa bai rufe membiren ba a wani mataki, ko ya bushe. Tabo a gurbin hantsaki: tsatsa, ko an matse da ƙarfi.

Layi siriri da ƙyar ake gani a kan fili mai tsabta shi ne kaɗai halin da ya dace a koma ruwa mai ƙarfi. A nan za ka iya ɗauraye membiren a TBST sau biyu, ka zuba mai ƙarfin kai tsaye.

Haɗa ECL da hannu

Inda odar kaya ke ɗaukar watanni, wannan haɗin yana fitar da furotin masu yawa kamar aktin da kyau, ko da yake haskensa ba ya daɗewa. Narka giram 0.44 na luminol a 10 mL na DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, ya ba da 250 mM. Narka giram 0.15 na fara-kumarik asid a 10 mL na DMSO, ya ba da 90 mM. Raba su a ƙananan bututu, a ajiye a −20 °C cikin duhu. A lokacin aiki, ɗebi 10 mL na Tris-HCl 100 mM mai pH 8.5, zuba 50 µL na luminol, 22 µL na kumarik asid, a ƙarshe 3 µL na haidurojin feroksaid 30%. Gauraya, ka zuba nan take, minti ɗaya, ka ɗauka ba tare da jinkiri ba.

Feroksaid shi ke fara mutuwa, musamman a zafi, don haka in haɗin ya ƙi, shi za a fara canzawa. Na kemis mai 3% zai iya tsayawa a madadinsa, a zuba 30 µL, amma a yi gwajin bututu tukuna domin ƙarfinsa ba koyaushe yake kai abin da aka rubuta ba. Kada a ce bari a ƙara don haske ya ƙaru: feroksaid da ya wuce kima kashe HRP yake yi. Mai 30% yana ƙona fata, DMSO kuma yana ratsa ta da duk abin da ya narke a cikinsa, saboda haka safar hannu da tabarau dole ne.

Sake amfani da membiren

In furotin na biyu yana da nauyi dabam, ya fi sauƙi a yanka membiren gida biyu tun bayan Ponceau, kowane yanki da antibodinsa. In nauyinsu ya yi kusa, sai an saɓule antibodin farko, wato an cire shi daga kan membiren. Hanya mai sauƙi: giram 15 na gilaisin, giram 1 na SDS, 10 mL na Tween 20 a lita ɗaya, pH 2.2, sau biyu minti goma-goma. Hanya mai tsanani: Tris-HCl 62.5 mM pH 6.8, SDS 2%, beta-makaptoetanol 100 mM, minti 30 a 50 °C, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi domin warinsa da gubarsa. Bayan kowace, a wanke sau biyar, saboda ragowar makaptoetanol yana lalata antibodin da zai biyo baya.

Kafin ka sa sabon antibodi, toshe filin, sa na biyu kaɗai, zuba ECL ka ɗauka na minti biyar. In tsohon layin ya dawo, saɓulewar ba ta kammala ba. Kowane zagaye yana tafiya da wani kaso na furotin, PVDF ya fi naituroselulos jurewa, don haka a fara da furotin mafi ƙaranci, a bar aktin ko GAPDH a ƙarshe, kuma kada a kwatanta ƙarfin layin kafin saɓulewa da na bayanta. Membiren da za a koma kansa cikin mako ana ajiye shi a TBS a 4 °C. Wanda zai daɗe a wanke shi, a busar tsakanin takardun tacewa biyu, a sa a leda da kwanan wata a jiki.